Amaryar da Ta Yi Magana a Bakin Kogi

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

Barewa ce aka ɗaura mata aure da Mariri, wanda take so tun suna kiwo a fadama ɗaya. Gidansa yana hayin kogi. Ran kai amarya aka lulluɓe ta, aka ja mata kunne cewa amarya ba ta magana sai ango ya sayi bakinta. Gizo ne sanƙira, mai shelar biki. Shi ya ɗauko ƙwaryar alkaki, amma hankalinsa yana kan tuwon gidan ango.

Da suka iso mashigi suka tarar ruwa ya yi ja, yana tafe da itatuwa. Kwaɗo, wanda a nan aka haife shi, ya leƙo ya ce a hankali, "Ku dakata zuwa la'asar, ruwan zai janye."

Na baya suka ce, "Me ya ce?"

Gizo ya ce, "Wai a fasa auren! Malam Kwaɗo, don ba ka da mata sai kowa ya zauna gwauro?" Aka yi dariya.

Kwaɗo ya ce, "To in kuna sauri, ku bi mashigin sama, wajen tsamiya. Akwai ɗan nisa, amma ruwan iya gwiwa ne."

Gizo ya ce, "Kun ji? Wai mu kai amarya Borno a ƙasa, ta isa da furfura."

Kwaɗo ya ce, "Ko kayan ku bari a nan, ku haye hannu sake, gobe a ɗauka."

Gizo ya dafa ƙirji. "Wai 'yarmu ta shiga ɗakin miji ba ko tabarma, kamar marainiya."

Nan gwaggonni suka fusata, suka bi Kwaɗo da jifa. Aka kamo hannun amarya za a shiga ruwa.

Barewa kuwa tana gaba, ta ji komai da kunnenta. Tana hango rumfar Mariri a hayi. Ta san in ta yi magana za a ce ba ta da kunya, in ta yi shiru ba za ta ga rumfar nan kusa ba har abada. Sai ta toge, ta ce daga cikin mayafi, "Ba haka ya ce ba." Ta maimaita maganar Kwaɗo guda uku, ba ragi ba ƙari.

Babbar gwaggo ta dubi ruwan sosai, ta ce, "Gizo, wannan maganar ita za ka amsa."

Gizo ya taɓe baki. Ya ce, "Ruwan da bai kai cibiyata ba?" Ya faɗa da ƙwaryar a ka. Ruwa ya kwashe shi, alkaki ya zama rabon kifi, sai can ƙasa Kwaɗo ya jawo shi ta ƙafa.

Aka bi ta tsamiya, aka isa da magariba. Mariri ya ji labari, ya tsuguna gabanta ya ce, "An ce kogi ya riga ni sayen baki."

Ta ce, "Aro na ba shi. Naka yana nan."

To, 'yan jikokina, in za ku yi gardama da mutum, ku amsa abin da ya faɗa, ba abin da kuka ƙaga masa ba. Ka iya kayar da maganar da ka ƙirƙira, amma kogin yana nan yadda yake.

Ƙungurus kan kusu. In za ku ba wani, ku ba shi yadda kuka ji.