Ranar da Kura Ta Zama Sikeli

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

Dila mahauci ne ya sayo sikeli mai ƙugiya, ya rataye shi a reshen tsamiya. In an maƙala masa nama, sai murɗaɗɗiyar wayar cikinsa ta miƙe, allura ta nuna nauyi. In an sauke, ta koma mazauninta. Kasuwa ta ɗauka: "Kai, wannan akwai riƙon amana!"

Kura na gefe, yawu na dalala. Ta ce, "Malam Dila, da me ƙarfen nan ya fi ni? Ai riƙon nama gadonmu ne. Sauke shi ka gwada ni."

Dila ya ce, "Bismilla, ga reshe. Amma in nama ya yi ciwon kai, jikinki zai gaya miki."

Kura ta maƙale da ƙafafun baya, kai a ƙasa, baki a wangame. Sai ga Kyanwa ta zo sayen naman suna. Dila ya sa wa Kura cinyar rago a baki.

Kyanwa ta ce, "Kilo nawa, Gwaggo?"

Kura ta ga ba a magana da nama a baki. Ƙwat, ta haɗiye! Ta ce, "Bai kai komai ba, a ƙaro."

Nan fa aka yi mata ruwan sanduna, ta faɗo tim, ta ranta a na kare.

Daga bayan geza ta leƙo, ta hango an mayar da sikeli, ga tozo yana lilo a ƙugiyarsa. Ta girgiza kai, ta ce, "Wuni guda nama a bakinka, ko lasa babu, kuma ka faɗi gaskiya? Allah ya gafarta Malam, kai ba ƙarfe ba ne, waliyyi ne."

Ƙurunƙus kan kusu! In ƙarya na yi, ku rataye ta a sikeli.