Tayoyin Kawu Ndue

Akwai wani direban bas a yankinmu na arewacin Albaniya, sunansa Ndue. Fuskarsa kullum a ɗaure, ko gaishe ka ya yi sai ka laluba aljihunka.

Ranar da majalisar gunduma ta ce kuɗin mota zai zama ɗaya, na kusa da na nesa duk daidai, shi kaɗai ya miƙe.

"Hanyar kan dutse cin taya take yi. In kuka yi haka, babu mai hawa."

Mrika ta taso masa. Daga ƙauyen ƙarshe take, can saman dutsen, kuma ita ke kai mahaifinta wankin ƙoda cikin gari, don haka ta fi kowa jin jiki wajen biyan kuɗin mota.

"Kawu Ndue, taya ce ke damunka ko aljihu? Mun san halinku!"

Aka kwashe da dariya, doka ta wuce.

Ba a rufa mako ba motoci suka kamu da ciwo. Da an iso gadar gindin dutse sai direba ya ce birki na kuka, ya juya ya kwashi 'yan kusa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya kuwa lafiyarsu ƙalau.

Ranar wankin ƙodar mahaifinta, Mrika ta tsaya bakin hanya har rana ta take. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi da ƙyar. Sai ga motar Ndue tana hawowa wayam.

Ta ƙanƙance ido. "Nawa za ka tatse ni?"

"Abin da dokarku ta ce. Ɗauko shi."

Haka ya riƙa zuwa duk ranar asibiti. Maƙwabta suka ce ruwa ba ya tsami banza, gonar inabin tsohon yake hari. Ta kai masa cuku ya ƙi karɓa, zarginta ya ƙaru.

Wata safiya ana ruwa, motar ta sulale a kwana, saura ƙiris su faɗa kwazazzabo. Mrika ta sauko, idonta ya sauka kan tayoyin. Sun suɗe har waya ta fito.

"Kawu, me ya hana ka canza su?"

"Da me, 'yata? Kuɗin mota kuka daidaita, ba ku daidaita hanyar ba."

Kunya ta rufe ta. Ita da kanta ta koma majalisa, aka ɗora ɗan ƙari a kan kowane fasinja don direbobi masu hawa dutse, aka sa wa kowane direba ranar da zai hau. A gaban jama'a ta ce, "Kawu Ndue, ka yafe mini."

Bai saki fuska ba. "Na yafe. Amma yafiya ba ta hawa dutse, a kawo taya."

Darasi: Farashin da ya hana mota zuwa ƙofarka ba adalci ba ne, komai arharsa. Kafin ka zargi mai gargaɗi, duba nauyin da yake ɗauke da shi. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai Ndue a tasharsu.