Ƙosan Guzurin Sarki

Wani sarki ne ya wayi gari da neman rigima, ya ce garinsa ya yi wa gwanaye iri biyu kaɗan: ko masu ƙago abu su fita, ko masu auna magana. Ya sa aka kirawo Delu mai ƙosai, wadda mijinta maƙeri ne, wanta kuma alƙali.

"Ke, su wa suka fi basira? Waɗanda kika kayar, yau za su bar garin nan."

Delu ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, wa ya ƙago wannan tambaya?"

"Ni mana!"

"Wa zai auna amsata?"

"Ni dai!"

"To, kowanne na kayar, kana cikinsu. In soya maka ƙosan guzuri?"