Dokar da Gafiya ta Adana

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha labari.

Bayan ambaliya ta cinye gonaki, dabbobi suka gina madatsar ruwa. Giwa ta kafa doka, kada kowa ya haƙa rami a wurin. Aka rubuta a allo, aka ba kakata Gafiya ajiya.

Kunkuru ya ce, "Yaya Gafiya, ina kika adana dokar?"

Ta ce, "Na yi mata rami mai zurfi cikin madatsar, ɓarawo ba zai kai ba."

Ya ce, "Kwashi 'ya'yanki mu hau tudu."

Ruwan farko ya bi ramin, ya tafi da madatsa da gero. Har yau danginmu na alfahari ba a sace dokar ba.

Ƙurunƙus, kan gafiya, ɓera ya huta.