Famfon Ciyaman Na Cikin Waya

Ciyaman ɗin wata ƙaramar hukuma ya sa aka haɗa masa hoton famfon burtsatse yana feshin ruwa, ya tura wa zauren waya na matan unguwa. Ba wadda ta yarda, don kullum rafi suke zuwa ɗiba. Sai ya taka har rumfar Tasalla mai dambun nama, wadda ke kula da zauren.

"Tasalla, an ce duk abin da kika tura matan nan ba sa musu. Kafin gobe ki sa su yarda da famfon nan, ko in sa a tashi rumfarki."

"Ranka ya daɗe, ai ko ramin ba mu gani ba."

"Wane rami? An wuce wannan zamanin! Abin da ke cikin waya tamkar yana hannu ne."

"Tamkar yana hannu?"

"Ƙwarai kuwa!"

"To madalla. Zauna ka ɗan taɓa dambu."

Ta zuba masa, ta zabga yaji har ya rufe naman. Loma biyu Ciyaman ya fara hawaye, yana fifita baki da hula.

"Ruwa! Tasalla, ruwa!"

Ta buɗe hoton, ta durƙusa, ta miƙa masa wayar da hannu biyu.

"Bismilla, ranka ya daɗe. Na famfonka ne, da sanyinsa."

"Ke! Ana shan hoto ne?"

"Mu ma abin da muke ta tambaya ke nan. Amma kurɓa mu gani. In ya kashe maka yajin, wallahi yanzun nan zan tura."