Sarkin Da Ya Koyi Raba Tafasa Da Rai-ɗore

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa mai yawan damina, wanda Allah ya hore wa saurin yanke hukunci, har fadawansa na alfahari da cewa bai taɓa jin ƙara har ƙarshenta ba. Wata rana ya ci kwaɗon tafasa ya yi nak, cikinsa ya ɗauki ƙugi, ya yi kwana biyu yana safa da marwa tsakanin gado da bayan gida. Da aka duba ragowar ganyen sai aka ga da rai-ɗore, mai kama da tafasa, a ciki. Sarki ya ce guba aka ba shi, a sare kan Nomau mai dafa masa abinci bayan la'asar.

Nomau yana da wa, Malam Jatau, tsohon mai magani wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a daji. Labarin ya same shi da hantsi, ga shi duk duniya ƙanin nan kaɗai ya rage masa. Ya san roƙo ba ya cin wannan sarki, amma ya san shi da son a ce ya iya. Sai ya cika kwando da rassa shida ya nufi fada.

Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ya sarki, na zo da hanyar da za ka san sunan kowane tsiro, kada a sake cutar ka. Tambaya ce mai amsa biyu kacal. Kowace tambaya ta raba tarin gida biyu, a yi ta rabawa har ya rage ɗaya."

Sarki ya ce, "Wannan ai wasan yara ne. Ga tawa: dogo ne ko gajere?"

Malam Jatau ya ce, "Ya sarki, dogo a wurin wa? Abin da akuya ke ɗaga kai ta ci, raƙumi sunkuya masa yake yi."

Waziri, wanda tun da ya hau muƙaminsa bai taɓa riga sarki dariya ba, ya gyara murya ya ce, "To a tambaya: sarki na son sa, ko ba ya son sa?"

Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan tambayar fadawa take rabawa, ganye bai san ta ba. Ana son tambayar da makiyayi da alƙali za su duba su ba da amsa ɗaya."

Sarki ya ɗan ji haushi, amma ya sauko ya tsuguna gaban kwandon, aka shiga tambaya. Yana da ƙaya ko babu? Bagaruwa ta fita. Ganyen ɗai-ɗai yake ko jere a kan sanda? Lalo da yaɗiya suka fita. Furen fari ne ko rawaya? Zogale ya fita. Saura rassa biyu, duka da rawayan fure. Sarki ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, "Tafasa ce! An gama." Fada ta ɗauki kirari.

Tsohon ya ce, "Ya sarki, biyu ne a gabanka, suna ɗaya ka faɗa. Saura tambaya. Bakin ganyen a zagaye yake ko da tsini?"

Sarki ya duba. Ɗaya a zagaye, ita ce tafasa. Ɗaya da tsini, ga wari in an murza, shi ne rai-ɗore. Daɗi ya kama shi har ya manta da cikinsa.

Malam Jatau ya dubi inuwar katanga, ya ga ta fara tsawo, la'asar ta kusa. Ya ce, "Ya sarki, ciyawa aka yi wa tambaya huɗu kafin ka kira sunanta. Nawa ka yi wa Nomau kafin ka kira shi mai kisa?"

Sarki, da yake sabon ilimi na cin sa, ya ce a kawo shi, yanzu za a ga gwaninta. Aka shigo da Nomau a ɗaure.

"Kai ka tsinko ganyen, ko ba ka aka yi?"

"Ba ni aka yi, ranka ya daɗe."

"Wanda ya ba ka, na fada ne ko na waje?"

"Na fada ne."

"Mai rawani ne ko maras rawani?"

"Mai rawani."

Dogarai da bayi suka saki ajiyar zuciya. Masu rawani suka fara duban tabarma, waziri kuwa gumi ya jiƙa masa gemu. Sarki ya lura, ya yi murmushi, ya ce, "Shi ya tsinko da hannunsa, ko shi ma miƙa masa aka yi?"

"Waziri ne ya kawo mini, amma miƙa masa aka yi."

Waziri ya yi carab ya ce shi ɗan aike ne kawai. Sarki ya harzuƙa. "To wanda ya miƙa masa, a ƙasa da waziri yake ko a sama da shi?"

Nomau ya dubi wansa. Tsohon ya gyaɗa masa kai. Nomau ya ce, "A sama yake, ranka ya daɗe."

A duk ƙasar mutum ɗaya ne a sama da waziri. Sai a lokacin sarki ya tuna ranar Laraba, da ya fita shan iska bayan ganuwa, ya fizgo ganye cike da hannu yana faɗa wa jama'a ya san daji tun yana yaro, ya miƙa wa waziri ya ce a dafa masa. Nomau ya ga rai-ɗoren sarai, ya tsince abin da ya iya, amma wa zai aika wa sarki cewa bai san tafasa ba?

Kunya ta rufe sarki. Ya sauko da kansa ya kwance igiyar, Malam Jatau kuwa ya kama hannun ƙaninsa yana hawaye. Sarki ya ce a rubuta a ƙofar fada: hukunci ba ya zama adalci sai an yi tambayar ƙarshe, ko da amsarta na zaune a kan gadon sarauta.