Masakin da Ya Yi wa Tabawa Nauyi

An yi wani sarki a wani gari mai rijiyoyi da yawa, wanda ya gaji wata al'ada wurin kakanninsa game da ladan ma'aikatan gari. Duk ƙarshen wata, masu sharar kasuwa da masu tsaron ƙofa da masu yasar rijiya sukan shiga zauren ma'aji ɗaya bayan ɗaya, a miƙa wa kowa masakin gero rufe da faifai, ya yi godiya ya fita. Ba mai buɗewa sai ya isa gida, ba kuma mai tambayar ɗan'uwansa nawa ya samu, domin ana ganin hakan rashin kunya ne. Wanda yake da baki ko ɗan'uwa a fada, yakan roƙi ƙari a asirce, a ƙara masa.

A cikinsu akwai Nomau mai yasar rijiya, mutum mai kawaici, wanda ya shekara talatin yana karɓar mudu huɗu, bai taɓa neman ƙari ba, don ya ɗauka haka kowa yake samu. Da ya rasu, sai aka aika wa matarsa Tabawa ladansa na ƙarshe, amma aka yi kuskure aka kai mata na abokin aikinsa Cindo, wanda Nomau ne ya koya masa riƙon igiya.

Tabawa ta ɗaga masakin ta ji nauyi, ta auna, ta sami mudu goma. Ta jira sai da ta fita takaba, sannan ta ɗauke shi a ka har fada, ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan ba namu ba ne. Namu ba ya sa wuya ciwo."

Da sarki ya bincika ya gane yadda abin yake, sai ya dubi waziri ya ce, "Ga mas'ala. Ba a yi sata ba, ba a yi ha'inci ba, amma zuciyata ta ƙi natsuwa. An zalunci mutumin nan ko ba a zalunce shi ba?"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya yarda da shi aka ba shi, yarda kuwa ita ce asalin kowace mu'amala. Rufin nan sutura ne, in aka ɗage shi hassada za ta shiga tsakanin bayin Allah."

Sarki ya ce, "Ke fa, baiwar Allah?"

Tabawa ta ce, "Ni ban yi karatu ba, ranka ya daɗe. Maigidana ya yarda da huɗu, gaskiya ne, amma bai san akwai goma ba. Shekarar da aka yi fari na ce masa, Malam, ka je ka roƙa mana. Ya ce, ta yaya zan nemi fin 'yan'uwana, alhali duk haƙuri muke yi tare? A shekarar muka binne 'yarmu Kande. Da ya sani, da ya roƙa."

Waziri ya sunkuyar da kai.

Sarki ya yi umarni daga ranar a riƙa auna ladan kowa a fili, sanƙira yana faɗin aikin da abin da ake biya a kansa, mai neman ƙari kuma ya nema a gaban jama'a, a ba shi amsa a gabansu. Ya sa a biya Tabawa abin da aka tauye wa mijinta, ya ba ta riƙon mudun awo saboda amanarta da hikimarta.

Aka cika mata rumbu biyu. Ta tsaya tana kallonsu, ta ce wa masu dakon, "Sannunku da aiki. Sai dai masu cin ba sa nan."

An ce tun daga ranar sarki yakan faɗa wa duk wanda ya naɗa cewa, shirun talaka ba shaidar adalci ba ne, sai an tabbata ya san abin da ya yi shiru a kansa.